Ƙafar Baba da Keken Hajiya

Da sunan Allah nake farawa, ina kuma roƙonsa ya tsare mini harshe, domin har yanzu raina a ɓace yake. Matata ta ce in bari sai na huce sannan in rubuta. Na ce mata idan na huce zan fara nema wa mutane uzuri, ni kuwa ba uzuri na zo bayarwa ba. Duk mai tsoho a garin da ruwa yake ci, shi nake so ya karanta wannan.

Mahaifina tela ne. Ya haura saba'in, amma har daminar bara yana kan kekensa na ɗinki, irin wanda ake takawa da ƙafa, a zauren gidanmu a wani gari na bakin kogi, gabas da Kano. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Na yi na yi ya dawo wajena, ya ƙi. Ni a Kano nake aiki, muna zaune da matata Hajara da yaranmu a gidan da wurin aiki suka ba ni a Nassarawa GRA. Baba yana da ciwon suga, amma ya riƙe shi da kyau. Ƙwayarsa safe da yamma, tuwo kaɗan, ganye da yawa. Duk wata nake aika masa magani ta hannun direban motar garinmu.

Ni ne ɗansa na fari, saboda haka akwai kunya a tsakaninmu. "Kai" yake ce mini. Tun da nake, bai taɓa buɗe baki ya ce mini ga inda yake masa ciwo ba.

Wata rana a daminar bara, da hantsi, ruwa ya shigo garin, bayan kogi ya fasa jinga. Gidanmu na ƙasa ne, ya zauna gaba ɗaya. Keken ɗinki, waya, ledar magani, duk suka tafi. Maƙwabcinsa Ɗanlami, wani masunci, shi ya ciro shi a kwale-kwale ya kai shi makarantar firamare da ke kan tudu, inda aka tara mutanen gari. Gadar da ta haɗa mu da su ta karye. Da ƙyar na sami Ɗanlami a waya, ya miƙa wa Baba.

"Baba, gani nan zuwa."

"Kada ka zo. Kwale-kwale kifewa yake da mutane. Lafiyata ƙalau."

"Maganinka fa?"

"Ana ba mu komai a nan," ya ce, ya mayar wa Ɗanlami waya.

Hankalina bai kwanta ba. A layinmu akwai wata Hajiya mai gidauniyar taimako, katanga ce kawai tsakaninmu da ita. A makon nan manyan motoci sun tsaya a ƙofar gidanta ana loda buhuna, an ɗaura ƙyalle mai hotonta, kuma aka ce yankinmu za su. Na sayi maganin wata biyu, na ƙulle a leda, na rubuta sunan Baba da na Ɗanlami, na kai mata da hannuna. Ta karɓa da fara'a, ta ce, "Malam Kabiru, ai wannan ƙaramin abu ne. Gobe i yanzu yana hannunsa." Na yi mata godiya har da sunkuyawa.

Maganin nan bai je ba. Na kira Ɗanlami, ya ce motocin sun sauke kaya a sito a hedikwatar ƙaramar hukuma, an kulle, ana jiran babban baƙon da zai ƙaddamar da rabo. Na koma wajen Hajiya, aka ce ta yi tafiya. Na sake sayen wani na ba wani direba, shi kuma ya tsaya a bakin karyayyiyar gada ya juyo da shi. Duk lokacin da na kira, amsar Baba ɗaya ce, lafiyarsa ƙalau.

Abin da ya faru a makarantar nan, daga baya Ɗanlami ya ba ni labari. Abinci yana zuwa, ba a ce bai zuwa ba, amma wawaso ake yi. Mai ƙarfi ya samu, matasa su haye mota tun ba ta tsaya ba. Tsoho kuwa sai ya tsaya daga nesa yana kallo. Abin da Ɗanlami yake ƙwato wa Baba shi ne burodi, taliya, garin kwaki da suga. Mai ciwon suga, babu magani, kullum wannan ne cikinsa. Masu duba lafiya sun zo da farar mota. Sun duba yara, sun duba masu ciki, sun raba maganin zazzaɓi da na amai da gudawa, Allah ya saka musu a kan wannan. Baba ya bi layi har ya isa gaban tebur, ya ce musu yana da ciwon suga kuma ruwa ya tafi da maganinsa. Wani saurayi ya ce masa, "Baba, wannan ba ya cikin kayanmu. Na gaggawa muka kawo." Ya ba shi maganin ciwon kai, ya kira na baya.

Ranar da ruwa ya ja har mota take iya kaiwa bakin kogi, na tafi. Ɗanlami ya tsallakar da ni. An zuba tsofaffi a ajin ƙarshe, wanda yake daura da bayan gida, wai don kada su yi nisa. Baba yana kwance a kan tabarma a lungu, ya rame, leɓensa ya bushe. Tun daga bakin ƙofa na ji wani wari da ya bambanta da na wurin. Da na durƙusa na gaishe shi sai na gane daga ƙafarsa ta dama yake fitowa. Yana sanye da safa da takalmin roba.

"Baba, me ya sami ƙafar?"

"Kwano ne ya ɗan yanke ni ranar ruwan. Ba ta ciwo."

Gaskiya ya faɗa, ba ta ciwo. Daga baya na koyi cewa ciwon suga yana kashe jin ƙafa, mutum zai taka ƙusa bai sani ba. Na cire takalmin. Safar ta manne da nama, sai da Ɗanlami ya kawo ruwan ɗumi muka jiƙa. Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin, tafin ya kumbura yana fitar da ruwa. Baba ya kawar da kai, ba ya so in gani. Makonni yana kwance a wurin nan, manya sun shiga ajin, an ɗauki hotuna, an yi musu jaje, amma ba a sami mutum ɗaya da ya ce, "Baba, cire takalminka mu gani," ba.

Daga bakin kogi ban biya gida ba, asibitin gwamnati na wuce da shi. Makon farko ya tafi a layi. Layin kati, layin ganin likita, layin gwajin jini, layin karɓar sakamako. Babu gado, a kan benci a baranda aka fara sa masa ruwa, Hajara tana riƙe da ledar ruwan a sama har aka samo ƙarfen ratayewa. Komai sai ka sayo, daga auduga har safar hannu. A rubuta maka takarda ka fita, ka dawo, a sake rubuta wata. Da aka gwada sugansa, na'urar ta ƙi nuna lamba, ya wuce inda take iya karantawa.

Likitan da ya karɓe mu matashi ne, ga alama bai yi barcin kirki ba kwana da kwanaki, amma bai yi mana tsawa ba. Ya duba ƙafar, ya danna nan, ya danna can, ya fito da ni waje.

"Za mu gwada allurai da wanki, amma ba zan ɓoye maka ba," ya ce. "Ƙafar nan ta mutu kafin ku kawo shi. Mai ƙafar muke ƙoƙarin ceta yanzu."

"Likita, da an gani da wuri fa?"

"Da an wanke ciwon a makon da ya ji shi, an ba shi ƙwayarsa, da yanzu yana gida yana ɗinkinsa."

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji, har yau tana nan.

A mako na biyu muka sami gado, a nan kuma muka haɗu da Sista Rifkatu, ma'aikaciyar jinya, 'yar Zariya, mazauniyar Badawa. Ita ce mai wankin ciwo a ɗakin. Wasu in sun zo kan Baba sai su toshe hanci su yi sauri. Ita kuwa sai ta ja kujera ta zauna, ta ɗora ƙafar a kan cinyarta bisa leda, tana wankewa tana yi masa hirar ɗinki, wai ita ma kakarta da keken hannu ta ciyar da su. Ba zan gama gode wa matar nan ba.

Amma baƙin yana hawa. Daga yatsu ya kama tafi, daga tafi ya doshi idon sawu. Zazzaɓi ya rufe Baba, yana surutai. Likita ya ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, kuma ba da jimawa ba.

A nan 'yan uwa suka shigo. Kowa da shawararsa. Wannan ta ce zuma, wancan ya ce garin sassaƙe, wata ta aiko da ruwan rubutu a jarka, wannan kam mun ba shi ya sha. Baffa Isa, ƙanen Baba da ke zaune a Tudun Murtala, ya zo da wani mai magani har bakin gado. Mutumin ya leƙa ƙafar ya ce ba ciwon asibiti ba ne, abu aka binne Baba ya taka, a ba shi mako guda zai zuƙe dafin. Na ce ba za a fitar da shi ba. Baffa ya ja ni baranda.

"Kabiru, kai ne za ka sa hannu a datse ƙafar ubanka?"

"Baffa, in ba a yanke ba rasa shi za mu yi."

"Likita ne Allah? Ku 'yan boko, da an ce wuƙa sai ku miƙa. Yayana ne kafin ya zama ubanka."

Ban taɓa ɗaga wa Baffa murya ba, ranar ma ban ɗaga ba, amma na ce masa in mai maganin ya taɓa ƙafar nan zan kira masu gadi. Ya tafi da fushi. Na san ƙauna ce ta kawo shi, amma lokacin ba ni da sararin lallashi.

Babbar matsalar ita ce Baba da kansa. Da zazzaɓin ya sauka ya fahimci abin da ake nufi, sai ya ce a'a.

"Da ƙafa biyu Allah ya halicce ni, da biyu nake so in koma. A mayar da ni gida."

Na yi magana, Hajara ta yi kuka, bai motsa ba. Ni kuma kunyar nan ta ɗaure mini baki, ban san yadda ake roƙonsa ba. Sista Rifkatu ce ta zauna kusa da shi bayan ta gama wanki, ta ce, "Baba, in faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa a ɗakin nan ba? Babana haka ya ce. Muka bi maganarsa, muka kai shi gida. Abin da ya sha kafin ya cika, ba na fatan maƙiyina ya gani. Har yau ina jin haushin kaina da ban matsa masa ba. Kada ka bar wa ɗanka wannan."

Baba ya juyo, ba tare da ya kalle ni ba, ya ce, "Kai. In an cire, ina za a kai ta?"

"Binnewa za a yi, Baba."

"Ba za a jefa a shara ba?"

"Ni zan kai ta da hannuna."

"To, sa hannun."

An nemi jini, abokan aikina da mutanen masallacin layinmu suka zo suka bayar, Allah ya biya su. Baffa Isa ma da ya ji an shiga da Baba sai ga shi, ya zauna a ƙofar ɗakin tiyata yana jan carbi har aka fito. Da la'asar aka miƙo mini ƙafar a naɗe. Na sa ta a farin ƙyalle, ni da Baffa muka kai maƙabarta. Ba ta da nauyi. Ƙafar da ta taka keke ta biya mini kuɗin makaranta tun daga firamare, ga ta a hannuna kamar ƙunshin kayan wanki. Baffa ne ya haƙa ramin, ya hana masu haƙa su taɓa. A hanyar komawa na wuce ƙofar gidan Hajiya, ƙyallen nan yana nan a ɗaure, tana murmushi a jiki, an rubuta yawan mutanen da aka ceta.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. Idan ruwa ya ci garinku kuma kana da tsoho a can, kada ka yarda da "lafiya ƙalau" ta waya. Tsofaffinmu ba sa kai ƙara. Kada ka ba kowa saƙon magani sai wanda zai sa shi a tafin hannun mai shi. Ka nemi wani a wurin ka ce ya cire masa takalmi ya duba, ya leƙa har tsakanin yatsu. Ku kuma masu kai agaji, tsoho ba ya iya wawaso, kuma ciwonsa na shekaru bai tsaya ba don an yi ambaliya. Ƙwayar suga da ta hawan jini ba su kai buhun shinkafa nauyi ba.

Bayan sallama muka dawo da shi gida. Jinyar gida ta fi ta asibiti tsawo. Ni nake yi masa wanka, ni nake ɗaukarsa zuwa bayan gida. Kwanakin farko rufe ido yake yi har in gama. Hajara ta koyi girkin da ya dace da shi, ta koyi gwada suga da tsinken yatsa. Sista Rifkatu tana biyowa daga Badawa kafin ta wuce aiki ta wanke dungun, kuma duk yadda muka yi da ita ta ƙi karɓar ko kuɗin mota. Wani lokaci Baba ya ce yatsun ƙafar da babu suna yi masa ƙaiƙayi, ya kai hannu ya sosa katifa. Wani lokaci in ga cinyarsa tana motsi a hankali, yana taka keken da ruwa ya tafi da shi.

Wata ranar Asabar na fita sayen magani. Da na dawo na tarar da mota a ƙofar gida, wasu samari masu riguna iri ɗaya suna naɗe wani sabon keken guragu suna sawa a bayan motar. Hajiya tana tsaye tana duba waya. Na shiga ciki da sauri. Hajara tana tsaye a falo idonta ya yi ja, Baba yana kan kujera yana jan zane yana rufe dungunsa.

Hajara ta ce Hajiya ta shigo da sallama, ta ce ta ji abin da ya faru ta kawo wa Baba keke. Ita kuma ta ga babba ce, maƙwabciya, ta kasa hana ta. Aka ɗaga Baba aka ɗora a keken, aka fitar da shi tsakar gida wajen haske. Mai hoto ya ce a ɗan yaye zanen don ƙafar ta fito. Aka yaye. Aka ce ya ɗaga hannu kamar mai addu'a. Da aka gama, aka sauke shi aka naɗe keken.

Na fita na same ta.

"Hajiya, ina za a kai keken?"

"Af, Malam Kabiru. Ai yau hoton shiri ne kawai. Keken nasa ne, an riga an ware masa. Sai ranar taron miƙawa, in babban baƙonmu ya ba mu lokaci."

"Mutumin da nake ɗauka a hannu zuwa bayan gida, shi zai jira taro?"

"Haka tsarin yake. Masu ba mu tallafi suna son su gani."

"Maganin da na ba ki fa? Kin san rashinsa ne ya ci ƙafar nan?"

Fuskarta ta sauya. "Kayan ai sito aka kai, ba ni na kulle ba. Kuma ka yi hankali da harshenka. Mutum yana ƙoƙarin alheri ana saka masa da wannan."

Ta shiga mota. Washegari na je kasuwa na sayo keke na hannu, tayarsa ɗaya tana ƙara, amma yana tafiya. Na ce wa Hajara ko gaisuwa ba na so ta sake haɗa mu da gidan can.

Watanni suka wuce. Dungu ya warke, suga ya daidaita, Baba ya koyi tafiya da sanduna har yana zuwa masallacin layi. Sai ga ɗaya daga cikin samarin nan ya zo ya ce an sa ranar taro, a kawo Baba da safe. Ina shirin korarsa sai na ji muryar Baba daga ɗaki.

"Ce masa za mu zo."

Na shiga na same shi. "Baba, bayan abin da suka yi maka? Ga kekenka nan, me za ka yi da nasu?"

"Zauna," ya ce. Na zauna a ƙasa. "A ajin nan da ka same ni akwai wata tsohuwa, Iya Kande, mai ƙosai ta ƙofar kasuwa. Ƙafafunta sun daɗe da shanyewa. Kekenta na katako ruwa ya tafi da shi. Da rarrafe take zuwa bayan gida, cikin taɓon nan, muna kallo. In an ba ta kunu sai ta rage mini. Sun riga sun ɗauki hoton, ba abin da ya rage da za su gani. Bari in je in karɓo mata."

Muka je.

Babban ɗakin taro ne mai sanyi. An jera tsofaffi a gaba tun da safe, wasu makafi, wasu a kan tabarma. Babban baƙo bai iso ba sai bayan azahar. Duk tsawon lokacin nan ko ruwa ba a ba su ba, ga katan-katan na lemo a gefe ana jiran manya. Da Hajara ba ta ƙunso mana abinci ba, da Baba ya faɗi a wurin. Aka yi jawabai, aka yi tafi. Da aka zo kan Baba, wata yarinya ta raɗa masa abin da zai ce, aka ɗora shi a keken, aka kara masa abin magana a baki.

"Na gode, Allah ya saka da alheri," ya ce. Mai riƙe da abin maganar ya fara janyewa, Baba ya riƙe hannunsa. "In za ku sake zuwa wajen masu ambaliya, ku taho da maganin tsofaffi. Ku riƙa duba ƙafafunsu. Ni tawa..."

Aka zare abin maganar, kiɗa ya tashi. Da dare ya yi aka sa bidiyon a shafinsu na intanet, godiyar kaɗai ta fito.

A ƙarshen makon muka ɗaura keken a mota muka nufi garinmu, karon farko da Baba zai ga garin tun bayan ruwa. An yi wa gada kwaskwarima. Bai ce a kai shi kangon gidansa ba, ya ce a wuce ƙofar kasuwa. Ɗanlami ya shiga gaba ya nuna mana wata bukka ta zana da leda, inda 'yar Iya Kande take zaune. Na sauke keken na buɗe shi, har ledar jikinsa ba a cire ba. Matar ta fito, ta gaishe da Baba, ta dubi keken, sai ta sa gefen mayafi ta rufe fuska.

"Malam, Iya ta rasu. Ko sadakar arba'in ba mu yi ba."

Ta ce rarrafen ne ya tsattsaga mata gwiwoyi, suka zama gyambo, gyambon ya ƙi warkewa. Sun nemi keke ko na aro, ba su samu ba.

Baba ya yi salati, ya yi mata addu'a, muka shafa. Ya daɗe yana tsaye a kan sandunansa yana kallon keken. Sannan ya juyo ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai saba yi ba.

"Tun ranar hoton nan keken yana ina?"

"Yana garejin Hajiya, Baba. Bayan katangarmu."

Na ga muƙamuƙinsa ya motsa. Tun da nake ban taɓa ganin fushi a fuskar mahaifina irin na ranar ba. Na ce masa in ya yarda in mayar mata da abinta, in ajiye a ƙofar gidanta kowa ya gani.

"A'a," ya ce. "Ɗanlami, ba ni wuƙarka."

Ɗanlami ya ciro wuƙar gyaran kifi ya miƙa masa. Baba ya sa muka zaunar da shi a kan turmi, ya jawo keken ya juya bayansa, inda aka rubuta sunan Hajiya da na gidauniyarta da farin fenti. Ya shiga kankarewa, harafi bayan harafi, a hankali don kada ya huda fatar. Yaran unguwa suka taru suna kallo, bai ɗaga kai ba. Da ya gama ya hure garin fentin, ya shafa wurin da tafin hannu, ya mayar wa Ɗanlami wuƙarsa.

"Wa ya rage a garin nan da yake rarrafe?"

Ɗanlami ya ce, "Akwai Malam Audu na bayan masallaci. Akwai kuma matar Sarkin Ruwa."

"Keke ɗaya ne," Baba ya ce. Ya miƙo mini hannu in tashe shi. "Wanne ya fi kusa?"